Faifan sola, rufi, mukayyif ko tankin ruwa: wanne gyara ne ke sayar da gida a Makka da Jidda?

Idan aka tashi sayar da gidan gado a Makka ko Jidda, gardama takan fara tun ba a zo maganar farashi ba. Babban wa ya ce a sayar da shi yadda yake, kowa ya karɓi rabonsa. Ƙanwar da ta zauna a gidan har rasuwar iyaye ta ce sai an fara toshe yoyon da ke saman ɗakin tsohuwa. Auta kuwa, da ya gama jami'a yana aiki a kamfani, ya zo da hotuna a waya: a jera faifan sola a sama, a rubuta a talla cewa gida ne mai kare muhalli, masu saye za su yi layi. Kowa da hujjarsa, amma riyal ɗin da ke hannu ba zai ɗauki ra'ayi uku ba.

Shekara goma sha biyar da suka wuce babu mai tambayar faturar wuta, wato takardar biyan kuɗin lantarki, idan ya zo ganin gida. Wuta ta yi arha ƙwarai, yunit 2,000 na farko a wata halala 5 kacal ake biyan kowanne (halala ɗari ne riyal ɗaya). Daga Janairun 2018 aka mayar da shi halala 18 har zuwa yunit 6,000, abin da ya haura nan kuma halala 30. A Yulin 2020 harajin VAT da ake ɗorawa kan saye ya tashi zuwa kashi 15 cikin ɗari, shi ma ya hau kan fatura. Tun daga lokacin mai saye ya koyi ɗaga kai ya dubi mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya tambayi ko rufin yana da azal, wato abin da ake shimfiɗawa don tare zafi da ruwa. Gyaran da ke rage shan wuta da ruwa ya zama abin ciniki. Sai dai ba kowanne ne ke dawo da kuɗinsa ba, kuma wanda ya fi ɗaukar ido a hoto shi ne ya fi jinkirin biya.

Kafin a taɓa komai, a san wa ake sa ran zai saya. Gidan sha'abi, wato irin ginin talakawa na da, mai shekara arba'in ko hamsin, a tsohuwar unguwa, mai sayensa fili yake nema. Zai auna mita, ya duba faɗin titi da sahihancin sakki, wato takardar mallaka, ranar da ya karɓi makulli ya kira mai rushewa. Duk abin da aka zuba a irin wannan gida ya bi ɓaraguzai. Haka nan unguwar da ke cikin shirin raya birni. Mutanenmu da suka zauna a Gulail, Karantina, Sabil da Kandara sun ga yadda abin ya kasance daga ƙarshen 2021, lokacin da aka fara rushe unguwanni sama da sittin a Jidda, kuma na Makka sun riga su gani a unguwannin da aikin raya birni mai suna Masar ya ratsa. Wanda gidansa ke irin wannan wuri ya je baladiyya, wato hukumar birni, ya tabbatar da matsayin unguwarsa tukuna. A nan babban wa ne ke da gaskiya: a share, a wanke, a sayar.

Maganar da ke tafe ta shafi fila, gidan iyali guda, ko imara, benen haya, mai hawa biyu zuwa huɗu, mai shekara goma sha biyar zuwa talatin, ginin siminti da ƙarfe mai lafiya, wadda wani magidanci zai saya ya zauna ko ya zuba 'yan haya.

A fara da sola, tunda ita ce ke raba kan 'yan uwa. Duk wanda yake da dangi a Kano ko Khartum ya san darajarta a can: wuta ba ta zama, janareta na cin kuɗin mai, don haka gida mai faifai da batir yana da farashinsa daban. A Makka da Jidda wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Abin da sola za ta yi maka kawai shi ne rage fatura, kuma wannan lissafi ne da za a iya yi a bayan takarda. Faifai mai ƙarfin kilowat ɗaya a wannan yanki yakan ba da wajen yunit 1,700 a shekara. Ka sa na kilowat 10, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a gida, ka samu yunit 17,000. A kan halala 18, riyal 3,060 ke nan a shekara, idan har gidan ya shanye duk abin da faifan ya samar a lokacin da ya samar da shi. Rarar da ka tura wa layin kamfani halala 7 ake lissafa maka ita, ƙasa da rabin abin da kake saya. Aikin kuwa na dubun-dubatar riyal ne, sai ɗan kwangila mai lasisi ya yi shi, sai an bi ta dandalin intanet na Shamsi an samu amincewar kamfanin wuta. Shekaru masu yawa za a yi kafin ya biya kansa, kai kuma wata shida kake son ka sayar.

Ga kuma wurin da zai ci. Kilowat 10 na buƙatar fili kamar murabba'in mita 50 zuwa 60 wanda inuwa ba ta faɗa masa. Wanda ya taɓa hawa satahi, wato saman gidan Bahaushe a Makka, ya san abin da ke can: tankunan ruwa, injinan mukayyif, faifan tauraron ɗan Adam, igiyar shanya, wani lokaci da ƙarin ɗakin da ake kira mulhak, da aka yi don baƙin aikin Hajji. Ƙura kuma ba ta hutawa, faifan da ba a wanke shi a kai a kai ƙarfinsa raguwa yake. Mai saye da yawa idan ya gan shi, tambayar da zai fara yi ita ce wa zai riƙa hawa yana wankewa.

Sola tana da inda take da riba. Istiraha, wato gidan shaƙatawa, ko gona a bayan gari, wajen Jumum ko Wadi Fatima, inda layin wuta bai kai ba ko famfon rijiya ke aiki da dizal, can kam tana ɗaga darajar wuri. Haka babban gidan da ke kan mita ɗaya yana haura yunit 6,000 watanni da yawa a shekara, domin shi halala 30 yake gujewa. Amma ko shi, idan gidan ya kasu shiyya-shiyya, neman a raba wa kowace shiyya mitarta ya fi arha, kuma mai sayen da zai ba da haya wannan zai fara nema.

Rufi labarinsa daban ne. A watan Yunin 2024, lokacin aikin Hajji, an auna zafi digiri 51.8 a Harami. Dakalin siminti da ya wuni a ƙarƙashin irin wannan rana yana tara zafi kamar tanderun gurasa, ya riƙa sakin sa cikin ɗaki har bayan isha'i. Shi ya sa a gidajenmu hawa na sama ake barin wa samari, tsofaffi su sauko ƙasa. Fiye da shekara goma ke nan da gwamnati ta wajabta azal a sabon gini a manyan birane, har ba a haɗa wa gida wuta sai an tabbatar an yi shi. Gidajen da aka gina kafin nan galibi ba su da shi. Wato tsohon gidanka yana gasa da sababbin da suke da shi tun daga tushe, mai saye kuma ya shiga waɗancan kafin ya zo naka.

Hanya biyu aka fi bi. Ta farko ita ce fesa fom. Yana da sauri, ba sai an fasa komai ba, yana tare zafi da ruwa a lokaci guda, yana shiga lungu da gefen bututu. Rauninsa rana: dole a shafe shi da fenti mai kariya, a riƙa sabuntawa, in ba haka ba ya yi ja ya fara ɓarɓashewa. Kuma ba ya son a riƙa taka shi ana jan kaya. Ta biyu ita ce a ɗaga tayil, a shimfiɗa naɗin kwalta, a ɗora allunan tare zafi, a mayar da tayil. Ta fi tsada, ta fi ɗaukar lokaci, akwai ƙura da hayaniya, amma ta fi daɗewa kuma satahin ya ci gaba da amfani. Ga mai sayarwa, idan ba a hawa saman sai don duba tanki, fom ya wadatar. Idan kuwa wurin shanya ne da zaman dare, ta biyun ce, domin mai saye zai hau da iyalinsa ya gani. Kowacce aka zaɓa, kada a biya ragowar kuɗi sai an toshe magudanai an cika saman da ruwa, ya kwana ɗaya ko biyu, an duba silin daga ƙasa. A kuma karɓi takardar garanti da hatimin kamfani, a tabbatar an rubuta ta da sunan gidan yadda za ta bi sabon mai shi.

Za ka ji ana cewa azal na rage shan wutar sanyaya ɗaki da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Wannan na ginin da aka yi wa bango da rufi da tagogi ne gaba ɗaya. Rufi shi kaɗai bai kai nan ba, kuma hawan ƙasa ba zai ji wani bambanci sosai ba. Abin da ya sa duk da haka na fifita shi shi ne yana maganin abu biyu. Ruwan sama a Jidda ba ya yawan zuwa, amma idan ya zo kowa ya san shi: Nuwamban 2009, Janairun 2011, Nuwamban 2022. Tabon ruwa ɗaya a kusurwar silin yakan sa mai saye ya zabge kuɗin da ya ninka na gyaran, saboda zuciyarsa ta tafi kan tsatsar ƙarfen da ke cikin dakali. Shafa fenti a kan tabon ba tare da gyara ba kuwa algus ne, kuma ɓoye aibin kaya abu ne da addini ya hana, kotu ma tana iya warware ciniki a kansa.

Sai mukayyif, wanda shi ne ke cinye mafi yawan wutar gida, ana ƙiyasta wajen kashi 70 cikin ɗari. Tsohon na taga mai tan ɗaya da rabi yana jan kusan kilowat 2. Idan injinsa ya yi awa 12 a rana, yunit 720 ke nan a wata, wajen riyal 130 kafin haraji. Gida mai guda shida ya doshi riyal 800 a watan zafi daga su kaɗai. Sabon isfilit, mai kashi biyu ciki da waje, mai inbata, wanda ke rage gudu maimakon ya riƙa kashewa yana kunnawa, yakan rage wani kaso mai kauri, ba ya ruri, kuma yana ba da damar a toshe ramin nan na bango da ƙura da ƙadangare ke shigowa ta gefensa. A duba katin da ke manne a jikinsa, mai launuka daga kore zuwa ja; gwargwadon kusancinsa da kore, gwargwadon sauƙin faturarsa. 'Yan ƙasa kuma su tambayi dillalin kaya shirin rangwamen da ke ci, domin an yi wanda ake rage riyal 900 a kan kowane mukayyif mai inganci.

Ta fuskar ciniki, mukayyif ya fi rufi saurin shiga ido. A tallan gidaje ana rubuta cewa mukayyifai suna haɗe, kamar yadda ake rubuta kicin, kuma yana jawo kira. Matsalarsa ita ce kaya ne, darajarsa na faɗuwa daga ranar da aka ɗaura shi, kowa kuma ya san farashinsa a kasuwa, don haka ba wanda zai biya ka fiye da abin da ka kashe. Wani ma yana da nasa da zai kwaso daga gidan haya. Ni a ganina kada a sauya duka. A sa sababbi a majalisar maza, da falo, da babban ɗakin kwana, sauran a wanke su a cika gas. Kafin nan a kira mai gyaran wuta ya duba allon fiyus da wayoyi. Tsofaffin gidajen Hijaz da yawa an yi su ne a kan tsarin wuta mai ƙarfin bolt 127, wanda mutane ke kira 110, ƙasar kuma ta yanke shawarar komawa 230 tun 2010. Ɗora sababbin injina a kan tsohuwar waya neman gobara ne.

Nan ma ya danganta da mai saye. Wanda zai zuba 'yan haya na shekara bai damu da kore ko ja ba, tunda ɗan haya ne ke biyan fatura. Wanda zai saukar da alhazai da masu Umara a Makka kuwa daga aljihunsa take fita, baƙi kuma ba sa kashe mukayyif ko sun tafi Harami. Irin wannan zai tsaya ya karanta katin.

Tagogi ba sai an daɗe a kansu ba. Gilashi mai ruɓi biyu yana da kyau, yana rage zafi da ƙarar titi, amma sauya na gida duka kuɗi ne mai yawa da ba ya dawowa. A sauya na ɓangaren yamma da ke shan ranar la'asar, ko a yi musu rumfa daga waje, sauran a sabunta robar gefensu. Magina na da a Jidda sun san wannan, rawashin, wato tagogin katako masu tsagi na unguwar Balad da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi a 2014 aikinsu ke nan, su tare rana su bar iska. Ƙwan fitila na LED kuwa ba abin shawara ba ne, a sauya kawai.

Abin da aka fi mantawa da shi, kuma ya fi kowanne arha, shi ne ruwa. Ruwan da Makka da Jidda ke sha mafi yawansa daga teku ake tace shi a Shu'aiba, a turo shi ta bututu. Tun ƙarshen 2015 kuɗinsa hawa-hawa ne: mita kiyubik 15 na farko a wata halala 10 kowace, sai riyal 1, sai 3, sai 4, abin da ya wuce mita 60 kuma riyal 6, ban da kuɗin magudanar ƙazanta inda aka haɗa. Gidan da hazzan ɗinsa, wato tankin ruwa na ƙasa, ke yoyo yana tsallaka matakan nan ba tare da kowa ya buɗe famfo ba, ko kuma ya riƙa kiran wayit, wato motar dakon ruwa, sau biyu inda maƙwabci ke kira sau ɗaya. Gwajin ba ya cin ko halala: a rufe bututun shigowa, a kashe injin da ke tura ruwa sama, a yi alama a bangon tankin da dare, a duba da safe. Idan ya sauka, a kwashe a wanke a yi masa azal. Ruwan da ke zurarewa ba ɓacewa yake ba, ƙarƙashin tushen gidan yake shiga, shi ne gishirin nan da ke fitowa a gindin bango yana kumbura fenti. A wasu unguwannin Jidda da ruwan ƙasa ke kusa, abin yakan juya, na waje ya shigo cikin na sha.

Tankin sama shi ma a duba shi. A watan Agusta ruwan famfo da azahar ba ya taɓuwa, sai an tara a bokiti ya huce kafin a yi alwala. Tanki mai ruɓi da yawa, ko rumfa a kansa da naɗe bututun da ke rana, ƙaramin kuɗi ne, kuma uwargidan mai saye za ta buɗe famfon kicin ta ji da hannunta. Saboda haka ne ma na'urar dafa ruwa da hasken rana ba ta da kasuwa a Makka da Jidda. A Ɗa'if ko Madina, inda sanyin hunturu ke da cizo, tana da ma'ana. Sai ƙananan abubuwa: awwamar masai, wato ƙwallon da ke tsayar da ruwa in tankinsa ya cika, da ke tsiyaya dare da rana, da kawunan famfo masu rage zubar ruwa. Mai gyaran famfo zai gama su a wuni guda.

Itace a tsakar gida yana ƙawata hoto yana kuma ba bango inuwa. Darbejiya ta nuna tana jure wannan ƙasa, duk wanda ya tsaya a Arfa ya sha inuwarta. A Jidda, inda iska ke da laima, ruwan da ke ɗiga daga mukayyif ya isa ya raya 'yan shuke-shuke idan aka ja bututunsa zuwa gindinsu maimakon ya riƙa ɓata bango. Amma a nisanta kowane itace daga tankin ƙasa, kuma a guji itaciyar da ake kira bazarumiya duk da saurin girmanta, saiwarta bin bututu take tana fasawa.

Akwai lissafin da 'yan uwa kan tsallake. Gyaran riyal 20,000 idan aka ɗora harajin kashi 15 ya zama 23,000. Ranar sayarwa kuma akwai harajin cinikin gidaje na kashi 5 cikin ɗari, wanda aka fara a Oktoban 2020, kuma a doka yana wuyan mai sayarwa ko da yake akan daidaita da mai saye. Ke nan sai farashin gidan ya ƙaru da sama da riyal 24,000 kafin a ce an mayar da uwar kuɗi. Idan mai saye ta banki zai biya, kamar yawancin masu shigowa ta shirin gwamnati na mallakar gida mai suna Sakani, bankin zai turo mai ƙiyasi, shi kuma farashin mita a unguwar da shekarun ginin da lafiyarsa yake dubawa. Tsagewa da danshi suna rage ƙiyasinsa nan take. Faifan sola da wuya ya ɗaga shi gwargwadon abin da aka kashe. Gyaran rufi da tanki yana hana a rage maka ne, yana kuma gajarta watannin da gida zai yi a kasuwa ana biyan mai gadi.

Tunda gidan gado ne, kada mutum ɗaya ya kashe kuɗinsa da niyyar ya cire daga baya. A rubuta abin da za a yi da nawa zai ci, kowane magaji ya sa hannu, har waɗanda ke Najeriya ko Sudan ta hannun wakilinsu. Idan akwai maraya da bai balaga ba, sayar da kasonsa sai da izinin kotu, gara a fara bin wannan tun ana aikin gyara.

Da ni za a tambaya yadda za a jera kuɗi kaɗan, tanki da famfuna ne farko, sai rufi, sai wayoyi da mukayyif uku, sai tagogin yamma in da saura. A gama aikin kafin watan Mayu, a adana faturar Yuli da Agusta a gefen ta bara, tare da rasit da garanti da hotunan aikin tun ana yi. Mai son ƙarin hujja yana iya neman injiniya ya duba ginin ta dandalin Bina'ul Mustadam ya ba da rahoto. Idan dallali ya kira ya ce, "Alhaji, zan kawo mutum bayan isha'i," a ce masa ya kawo shi da ƙarfe uku na rana, a fara da hawa na sama.